Inda Ruwan Layin Makanikai Yake Zuwa

Ranar da yara suka zo ƙofar gidansa neman makulli, ranar ce zaman lafiyar tsohon safiyo ya ƙare.

Yana zaune a falo da littafi a cinya, shayi ya huce a gefe, ya ji ana dukan ƙofa kamar gobara ta tashi. Da ya buɗe sai ya ga yara sun cika dakali, kowa da jakar makaranta a baya. Wata yarinya mai tabarau ce a gaba, da gani ita ce bakinsu.

"Ina wuni, Baba. Kai ne mijin Malama?"

Rabin rayuwarsa ya yi yana auna ƙasa. Babu titin da aka shimfiɗa a garin nan wanda ba shi ya fara kafa masa turaku ba. Ya karanta littattafan da hedimastan yaran nan ko sunansu ba zai iya furtawa ba. Amma ga abin da duniya ta ga damar riƙewa: mijin Malama.

"Ni ne," ya ce. "Malama ta rasu. Ko ba a gaya muku ba?"

"Mun sani, Allah ya jiƙanta. Ai mun zo gaisuwa, ba ka lura da mu ba ne, bango kake kallo. Makullin ɗakin ruwa muka zo karɓa."

Ya san ɗakin, ko da yake sau ɗaya ya taɓa shigarsa. Bayan matarsa ta yi ritaya daga koyarwa, maimakon ta zauna ta huta kamar kowa, sai ta roƙi wani tsohon sito a bayan azuzuwa, ta riƙa tara yara in an tashi daga makaranta tana nuna musu inda ruwan sama yake zuwa bayan ya sauka. Shi a ganinsa ruwa ya san hanyarsa, ba sai an raka shi ba. Makullin yana nan rataye a ƙusa bayan ƙofa tare da lemarta, bai taɓa ko ɗayansu ba tun da aka fita da ita.

"Ba a ba yara makullin makaranta," ya ce. "Zan kai wa hedimasta da kaina. Ku tafi gida."

"Ai gida ba kowa sai yamma," in ji wani dogon yaro daga baya.

"Wannan kuma tsakaninku da iyayenku."

Washegari hedimasta ya tarbe shi da hannu biyu, ya yi masa doguwar ta'aziyya wadda da ji ya saba yin ta, sannan ya ƙi karɓar makullin.

"Ka ga, Baba, ƙa'ida ce, ba babba ba ɗaki. Malamaina kuwa da an kaɗa ƙararrawa ko ƙeyarsu ba ka gani. In ba a samu mai zama da yaran ba, karyayyun kujeru zan zuba a ciki, wancan teburin kuma a fitar da shi."

"A fitar da shi ta ina? Siminti ne, a ciki aka gina shi. Ya fi ƙofar faɗi."

"To sai a fasa. Maigadi yana da guduma."

Safiyo ya dubi mutumin, ya dubi makullin da ke tafin hannunsa, ya mayar da shi aljihu. Ya ce zai zauna da su kwana biyu kafin a samu wani. Hedimasta ya yi godiya irin ta wanda ya san ba zai nemi kowa ba.

Teburin ya fi gado girma. A kan tsofaffin ƙyamare matarsa ta gina shi, da waya da siminti, ta fitar da garin gaba ɗaya yadda shaho yake ganinsa. Ga tudun kasuwa a tsakiya. Ga makaranta, gwangwanin kifi ne aka kife. Ga layin makanikai, tsofaffin notunan ɗaure tayar mota aka jera aka danna cikin siminti. A yamma an nutsar da kwanon silba, shi ne tafkin bayan makaranta. A gabas an ja wani dogon kwari da ya wuce ta ƙarƙashin lanƙwasasshen cokali, wato rafi da gadarsa, ƙarshensa kuma bututu ne mai ɗiga cikin bokiti. Simintin ba launi ɗaya ba ne, faci ne a kan faci kamar tayar tsohon keke.

Sai kuma doron. Wani siririn tudu ne, tsawon kamu guda, da ta tayar gabas da layin makanikai. Da yatsu ta matse shi tun simintin yana ɗanye, har yanzu ga sawun babban yatsanta a jere, ɗaya bayan ɗaya, da ɗan karkacen nan na farcen da ƙofar mota ta taɓa datse mata. Ya tsaya a kansa ya fi yadda ya kamata.

Wannan doron shi ne gardamar gidansu, tun kafin a gina teburin. Ko'ina akwai layin da ruwan sama yake rabuwa a kansa, ɗigon da ya faɗi wannan gefe ya kama hanyarsa, wanda ya faɗi wancan gefe ya kama tasa, ba su ƙara haɗuwa. Ita ta ce layin ya bi ta gabas da makanikai, saboda haka duk baƙin man da suke zubarwa yamma yake gangarawa, cikin tafki, shi ya sa kwaɗin tafkin suka daina kuka. Shi kuwa ya ce ta yamma da su ya bi, man nasu rafi yake tafiya. Shi ya auna wurin da na'ura tun yana saurayi. Gangaren kaɗan ne, ido ba ya kama shi, amma yana nan.

"Na'urarka ta tsufa," takan ce. "Ni da idona nake gani."

"Ido ai shi ya ce duniya a shimfiɗe take."

"Sha shayinka."

Ba a taɓa raba gardamar ba, domin kwatar layin makanikai nutsewa take yi ƙarƙashin kwalta, daga nan sai Allah, kuma ta yi shekaru a toshe da leda da tsumma. In an yi ruwa sai ya kwanta a wurin, ba gabas ba yamma, har rana ta shanye shi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, a duk zamansu ita ce mai cewa "ai na faɗa maka". Ta faɗa a kan motar da ya saya, ta faɗa a kan rufin kicin, ta faɗa a kan haƙorin da ya ƙi cirewa har fuskarsa ta zama kamar ƙwallo. Shi ko sau ɗaya bai samu ya rama ba. Doron nan ne kaɗai abin da ya tabbata a kansa, ya zauna yana jiran ranarsa.

Ranar farko ya zo da shirinsa. Ya zaunar da yaran a benci, ya ɗauki alli, ya fara daga tururin da rana take ɗagawa daga teku. Ya yi bayanin gajimare, ya yi bayanin yadda ake nuna tsayin ƙasa a taswira. Bayani ne mai kyau, da manya ne da sun tafa. Kafin ya kai ga ruwan ƙarƙashin ƙasa biyu sun yi barci, ɗaya yana tauna murfin biro, dogon yaron nan kuma, wanda suke kira Dogo domin ba su wahalar da kansu wajen laƙabi, yana farautar ƙuda. Mai tabarau ta ɗaga hannu. Ita Lauya suke ce mata, bai daɗe ba ya gane dalili.

"Baba, yaushe za a yi ruwa?"

"Da damina."

"A'a, a tebur. Malama ba ta dogon bayani. Cewa take ku zuba ku gani."

"Malama tana da haƙurin da ba ni da shi."

"Haka ta ce mana."

Ya ajiye allin.

Daga ƙarƙashin teburin suka jawo kayan aikinsu. Gwangwanayen madara da aka huhhuda gindinsu da ƙusa su ne gajimare. Garin bulo shi ne ƙasar da ruwa yake zaizaya, busasshen ganyen shayi shi ne shara, guntayen soso ciyawa, bular wanki kuma baƙin mai. Yaran da suka mace a kan benci suka tashi kamar an yi musu allura. An yi faɗa a kan wa zai zama hadari. An zuba ruwa a tebur, an zuba a ƙasa, an zuba a takalminsa na fata da ya goge da safe. Suka barbaɗa garin bulo a gangaren kasuwa suka yi ruwa, ya sauko jajir da gudu. Suka jera soso suka sake, ya sauko a hankali, kusan garau. Wata 'yar ƙarama mai giɓi ta ce, "Ciyawa ce take riƙe ƙasa," kowa ya gyaɗa kai. Abin da ya ɓata rabin yammacinsa yana faɗa ke nan ba wanda ya ji. Wannan ma ya ba shi haushi.

Sai Dogo ya barbaɗa bula a kan notuna, ya ɗaga gwangwani. Shuɗin ruwa ya taru, ya doki doro, ya juya yamma, ya sulale cikin kwano.

"Ka gani, Baba? Makanikai ne suka kashe kwaɗi."

"Teburin ne ya kashe su. Wannan doron ba nan ne wurinsa ba. Yamma ya kamata ya koma, faɗin tafin hannu."

Dogo ya sauke gwangwani.

"Malama ce fa ta gina," in ji Lauya.

"Na san wadda ta gina. A motata aka kawo simintin."

Washegari ya zo da taswirarsa a naɗe cikin bututun kwali, ya shimfiɗa ta a benci, ya danne gefunanta da duwatsu, ya hana kowa taɓawa da jiƙaƙƙen hannu. Ya nuna musu lambobin, ya nuna musu inda ƙasa ta sauka. Lauya ta sunkuya ta daɗe tana dubawa.

"Wa ya zana?"

"Ni."

"To ai mutum ba ya yi wa kansa shaida. Kuma shi ruwan ya karanta wannan takardar?"

Amsa ce mai kyau, shi ya sa ya ji ya tsani yarinyar. Ta durƙusa ta jawo wani babban gwangwanin fenti, ta buɗe. Cike yake da guntayen katako, kowanne kamar yatsa, an shafe su da jan fenti.

"Malama ta karɓo wajen kafinta, mu muka shafa. Ta ce bana an yashe kwatar makanikai, da zarar damina ta faɗi za mu zuba su mu ga inda za su fito. Ta ce..."

"Ta ce me?"

"Ta ce za mu kunyata mijinta," in ji Dogo, wanda Allah bai ba birki a baki ba.

Safiyo ya ɗauki guntu ɗaya yana juyawa. Ko a gadon asibiti ba ta gaya masa ba. Wato tana kwance tana tuna masa ya sha maganin hawan jininsa, a zuci kuwa tarko ta ɗana masa ta rufe da murfi.

"To," ya ce. "Allah ya kawo damina."

Kwana biyun da ya yi wa hedimasta alkawari suka zama makonni. Ya koyi zuwa da takalmin roba. Ya koyi cewa in aka bar Dogo da bokiti sai an yi ambaliya, in aka hana shi kuma sai ya sa wani kuka. Ya raka su bakin tafki sun ɗebi ruwa a kwalabe, sun jera a taga suna kallon yadda laka take kwanciya. Ya sa sun haƙa ramuka biyu a filin makaranta, ɗaya cikin ciyawa ɗaya a fako, sun cika su da ruwa don su ga wanda zai riga shanyewa, maigadi ya faɗa cikin ɗaya ya kai ƙara. 'Yarsa da take aure a wani gari ta buga waya.

"Baba, an ce ka zama malamin firamare."

"Gadi nake yi. Tebur nake gadi."

"Muryarka dai ta fi daɗi."

"Tsawa ce ta buɗe ta. Gaishe min da mijinki, in yana jin magana."

Ruwan farko da safe ya zo, yara suna aji. Na biyu ranar da ba makaranta. Na uku yayyafi ne da bai isa ya jiƙa kaza ba. Ya fara zargin har sama an haɗa baki da ita. Sai wani yammaci gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa ƙyauren ɗakin ruwa, yaran suka dube shi gaba ɗaya. Lemar matarsa ce a hannunsa ranar. Tasa ce ta karye, ba don komai ba.

Suka isa layin makanikai ruwa ya riga ya kece. Babban makanikin layin yana rumfa da yaransa, sun jingina da wata motar da ba tayoyi. Ya ga tsoho da lemar mata mai furanni, da garken yara a bayansa ɗauke da gwangwani.

"Baba, lafiya? Tsufa ne ko bincike?"

"Ina kuke zubar da baƙin mai?"

"A kwata mana. Ruwa ya tafi da shi."

"Ya tafi da shi ina?"

"Wannan kuma tsakanin ruwa da Ubangijinsa."

Suka juye rabin gwangwanin a bakin kwalbati. Jajayen katakan suka yi 'yar kewayawa, duhu ya haɗiye su. Aka rabu biyu. Lauya da rabin yaran suka bi maigadi zuwa tafki, don ta ce ita za ta karɓi sakamakon Malama da hannunta. Dogo da sauran suka bi safiyo zuwa gada, da rariya ɗaure a bakin gora.

Jira ya yi tsawo. Gwiwarsa ta fara yi masa magana. Daga bakin bututun da yake zuba cikin rafi, leda ta fito, robar ruwa ta fito, takalmi wari guda ya fito. Yaran suna rawar ɗari suna gardama a kan ko na wane ne takalmin. Safiyo ya fara lissafa a zuci yadda zai tsaya gaban Lauya in abin ya juye masa, ya ga babu wata hanya mai mutunci. Sai ga jan katako. Ɗaya, sai wani, sai tari guda suna tunkuɗar juna, kewaye da su kuma mai yana sheƙi a kan ruwan, launi-launi.

Ya ji wata murya tana dariya, ashe tasa ce. Ya juya hagu, gefen da matarsa take tsayawa in suna tafiya tare, bakinsa a buɗe. Ba komai a wurin sai bakin lema yana ɗiga.

Ruwa ya tsagaita kafin 'yan tafki su iso. Lauya ta dubi rariyar Dogo cike da ja, ta cire tabaraunta ta goge da rigar da ta fi shi jiƙewa.

"Ko ɗaya bai fito ba a wajenmu. Ka ci, Baba."

Ya yi tsammanin abin zai fi haka daɗi.

Washegari ya buɗe ɗakin ruwa ya tarar Dogo ya zo da kayan aikin ubansa, wanda magini ne: guduma, da ƙarfen fasa siminti mai kaifin baki, da cokalin gini, da ɗan siminti a leda.

"Na mene ne wannan?"

"Doron za mu gyara."

"Wa ya sa ku?"

"Dokar Malama ce," in ji Lauya. "In tebur da ruwa suka yi gardama, tebur ake fasawa." Ta bi facin nan da yatsa. "Nan mun fasa da muka gano ruwan asibiti ba ta bayan gidan mai yake bi ba. Nan kuma ita da kanta ta fasa, tana dariya. Ka ce faɗin tafin hannu, ko? Naka ko namu?"

Ya zagaya ya tsaya tsakaninsu da teburin.

"Gwaji ɗaya ba gwaji ba ne."

"Ko ɗaya fa bai je tafki ba."

"Wataƙila iska ce ta tura su."

"A ƙarƙashin kwalta?"

"Wataƙila wani bututun ne ya toshe. Na'urata ma ai ta tsufa."

Lauya ta leƙo shi ta saman tabarau. "Baba, jiya ka ce kai ne da gaskiya. An ce har rawa ka yi a kan gada."

"Ban yi rawa ba. Santsi ne."

Duk da haka ya samu suka yarda a sake. Ya koma gida yana roƙon abin da bai taɓa tsammanin zai roƙa ba, wato ya faɗi. Ko guda ɗaya ne ya ɓace ya fito a tafki, ya isa ya ce magana ba ta ƙare ba, a bar tebur yadda yake. Da aka sake ruwa suka juye sauran rabin, ya aika Dogo gada, shi ya tafi tafki da kansa. Ya zagaye shi cikin taɓo, yana ɗaga ganye da tsinin lema. Ya ga wani ja ya sunkuya da sauri har bayansa ya amsa, ashe murfin kwalba ne. Dogo kuwa ya dawo da rariya a cike.

Sai ya koma cewa siminti ba ya kamawa da kyau da damina. Dogo ya ce ubansa ya ce ya ma fi kamawa. Ya ce a jira ƙarshen zango. Ya ce hedimasta bai ba da izini ba, hedimasta kuwa da aka tambaye shi ya ce ai Baba shi ne wuƙa shi ne nama. Ya kulle kayan aikin a kabad ya ce makullin ya ɓace. Duk rayuwarsa bai taɓa yin ƙarya maras fasali irin wannan ba, kuma ba wanda ya yarda.

Lauya ce ta ƙare maganar, ba da tsiwa ba, wanda hakan ya fi muni.

"Jiya ƙanwata ta zuba," ta ce, ta nuna mai giɓi. "Ta ce makanikai ne suka kashe kwaɗi. Na ce mata ba haka ba ne, ta ce to ga tebur. Haka za mu bar ƙanana suna koyon abin da mun san ba shi ba ne?"

Wannan mutum ne da ya taɓa mayar da littafi kanti don an sa wani kogi a inda ba ya bi. Ya riƙe makullin ɗakin nan ne don ya tsare teburin daga gudumar maigadi, ga shi gaskiyarsa ta jawo wata gudumar har ciki. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ya laluba aljihu, makullin da ya ɓace ya fito.

"Ba ni nan," ya ce wa Dogo. "Kai in ka buga, garin gaba ɗaya za ka raba biyu."

Yana da dabarar da bai gaya wa kowa ba. In ya bi gindin doron a hankali, ya sare shi daga ƙasa, zai ɗago shi ɗungurungum. Ya zo da hankici mai tsabta a aljihu. Ya sa tabaraunsa, ya ce kowa ya ja baya, ya kafa bakin ƙarfen ya fara ƙwanƙwasawa kamar mai tashin jariri. Tsaga ta bi gindin yadda yake so. Ya kai rabi. Ya wuce rabi. Ya zura cokalin gini ƙarƙashi ya ɗaga, doron ya taso, ya ga sawun yatsun sun rabu da teburin suna zuwa gare shi. Sai abin ya ruguje a kan cokalin, ya zube ya zama tsakuwa da gari.

Yashi ya yi yawa a kwaɓin. Ya gaya wa matarsa tun ranar da take kwaɓawa, ta ce ya je ya karanta littafinsa.

Kafin ya miƙe, mai giɓi ta zo da tsintsiya da abin kwasar shara, don ranar ita ce da shara kuma yarinya ce mai himma. Ta haɗa da ganyen shayi da garin bulo ta fita da su. Ya bi ta da ido har ƙofa. Ya mayar da hannu aljihu ya bar hankicin inda yake.

"Baba, a ina za mu sa sabon?"

Ya fitar da tef ɗin awo, ya auna daga notuna, ya ja layi da alli. Ya tsaya a kan Dogo har sai da ya rage yashi. Yaran suka taru a kan layin suna matsawa, kowa yana son yatsansa ya fito, suna ture juna, suna zargin juna da ɓata aiki. Doron ya fito a karkace, nan kauri nan siranta, cike da ƙananan sawu. Ba shi da kyau, amma a wurinsa yake.

Da ya bushe aka barbaɗa bula a kan notuna, aka ba mai giɓi gwangwani. Shuɗin ruwa ya taru, ya yi ɗan jim, ya juya gabas, ya bi kwari, ya wuce ƙarƙashin cokali ya ɗiga a bokiti. Ba wanda ya tafa. Lauya tana kallon kwanon silba da ya zauna da ruwansa garau.

"To me ya kashe kwaɗin?"

"Ban sani ba."

"Kuma a rafin nan ake wanki. Ƙannenmu a ciki suke iyo."

"Na sani."

"To da wanne za mu fara gobe?"

"Gobe ba makaranta."

"Jibi ma babu. Ranar Litinin ke nan. Ka zo da taswirar, amma ka bari mu taɓa."

Ya kore su, ya juye bokiti, ya kife gwangwanaye, ya kulle ɗakin. A gida ya rataye makullin a ƙusa, ya rataye lemar a kansa. Akwai garin siminti a ƙarƙashin farcensa, bai san ko na tsohon ba ne ko na sabon. Ya dafa shayi, ya zauna a kujerarsa, yana fuskantar ta matarsa.

Magana ce 'yar gajeruwa. Ya daɗe yana wasa ta kamar wuƙa, ya san muryar da zai faɗe ta da ita, ya san yadda zai ajiye kofi tukuna don ta ji da kyau. Ya ma san amsar da za ta ba shi, cewa za ta yi ya sha shayinsa. Ya ɗauka ya sha. Maganar kuwa tana nan kwance inda take, ba gabas ba yamma: ai na faɗa miki.